Daushe Ko Sabon Goro: Wanne Ya Fi Cancantar Girma?

Daga cikin mas'alolin da dattawan Zango ba su gajiya da jujjuya su, ko a ƙofar masallaci bayan an idar da La'asar, ko a ƙarƙashin rumfar suna da ta ɗaurin aure, a Nima da Mamobi da Sabon Zango da sauran unguwannin Musulmi na birnin Ankara ta ƙasar Gana, akwai wata wadda baƙo zai zaci hira ce kawai ta marasa aikin yi, alhali kuwa a wurin ma'abotanta tana da asali da rassa kamar kowane babi na ilimi. Mas'alar ita ce: shin daushe, wato goron da aka adana cikin ganye har kakarsa ta shige wata ta kusa kamawa, shi ya fi daraja, ko kuwa sabon goro wanda bai daɗe da rabuwa da uwarsa ba? Kowane ɓangare yana da shaihunansa da hujjojinsa. Tun da yake kuma goro shi ne abin da muke neman aure da shi, mu raɗa suna da shi, mu yi ta'aziyya da shi, mu gai da malami da shi, bai dace a bar zancen a hannun son zuciya ba, ya cancanci a zauna a ɗora shi bisa mizanin adalci.

Kafin a shiga hujjoji, wajibi ne mai karatu ya tuna cewa wannan ɗan itace shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, aka buɗe hanyar Gwanja, daga baya kuma har ƙarshen ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari bai yanke ba: su fito da kanwa da tufafi da fatu bisa jakuna, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu da ƙasar Dagomba, su sauka Salaga inda Tonawa, mutanen Asante, ke kawo goron kurminsu, sa'an nan su juyo, tafiya da dawowa ta cinye musu rabin shekara ko fiye. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 sai riƙon da Asante ke yi wa kasuwar ya sassauta, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa tarwatsa ta, fatake da malamai suka bazu, wasu suka nufi Kete Karachi, kamar Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wasu Kumasi, wasu kuma suka gangaro har bakin teku, inda Malam Naino ya riga ya kafa zangonsa, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango kafin Yaƙin Duniya na Farko, Malam Amadu Futa kuma ya sari Nima a farkon shekarun 1930. A wannan tsakani ne Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, ya shiga cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne, a nan aka haifi saɓanin. Muddin hanya na da tsawo, babu wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato da ya san ɗanɗanon goron da aka ɓare a makon da aka tsinke shi, domin duk abin da ya iso hannunsa ya riga ya kwana watanni a cikin waga. Sai da muka zauna a inda motar da ta taso daga Asante ko ƙasar Akim da asuba take iso mu kafin rana ta faɗi, sa'an nan aka sami zaɓi, inda aka sami zaɓi kuwa ba a rasa jayayya.

Abin farin ciki shi ne ɓangarorin biyu sun yi ittifaƙi a kan ma'auni, a kan hukunci kawai suka saɓa. Dukkansu sun yarda ana duban girma, daga goriya wadda ita ce sarauniya, zuwa marsa, zuwa saran waga, zuwa minu ƙaramar cikinsu. Sun yarda ana duban launi, ja da fari da wanda ke tsakaninsu, ko da yake kwafsa ɗaya takan haifi ja da fari tare. Sun kuma yarda cewa goron ƙwarai shi ne mai ɓari biyu, ba hannun ruwa mai yauƙi ba. Ka lura da gogaggen ɗan goro in an miƙa masa ƙwaya, za ka ga ba ya gaggawar kai ta baki. Zai fara auna ta a tafin hannunsa, domin nauyi shi ne shaidar farko ta cewa ruwan jikinta bai ƙare ba. Sa'an nan ya juya ta, ya bi tsagar da ke tsakanin ɓari biyu da farce, yana neman ɗan huji ko ɓurɓushin gari mai ruwan ƙasa, waɗanda su ne alamar ƙwaro ya riga shi. Sa'an nan ya sa babban yatsa ya ɓare yana saurare, gama lafiyayyen goro ƙas yake yi ya rabu, wanda ya yi yaushi kuwa shiru yake tanƙwarewa. In ya gutsira ba ya magana nan take. Ɗaci ke fara sallama, bauri ya biyo baya ya ɗaure harshe da dasashi, can daga baya, in goron na kirki ne, wani zaƙi ya taso daga wajen maƙogwaro, wanda kurɓin ruwa ke ƙara bayyana shi. A kan wannan zaƙi na ƙarshe, da tsawon zamansa a baki, da irin tukar da ta rage, mai laushi ce ko mai kaushi, ake yanke wa goro hukunci.

Ba mu kaɗai ne al'ummar da ta mayar da ɗanɗano da ajiya fanni na ilimi ba. Mutanen Faransa, musamman na yankin Bordo, suna da bahasi irin wannan a kan jar giyarsu ta inabi, abin da shari'armu ta haramta da nassi da ijma'i, ba kuwa don kwaɗaitarwa muka ambace ta ba sai don abin lura da ke ciki. Tun 1855 suka jera manyan gonakinsu daraja bisa daraja; sukan haɗa ruwan inabi iri biyu ko uku su zuba a gangunan katako, daga nan a kwalabe, su jira shekara goma ko ashirin; masanansu kuma sun tsaya a kan abu biyu, na farko cewa sinadarin baurin da ke cikin ɓawon inabi, wanda danginsa ne ke ɗaure mana harshe a goro, shi ke ba abin ƙarfin jure ajiya, shi ne kuma yake laushi da tsawon zamani, na biyu cewa kaɗan ne ƙwarai daga abin da suke tatsa yake ƙaruwa da tsufa, mafi yawansa lalacewa yake yi. Sai dai akwai faraƙa babba tsakanin nasu da namu: nasu a toshe yake cikin kwalba ba ya bukatar kowa, goro kuwa iri ne mai rai, yana numfashi, in ya ji laima ya tsira, in ya ji iska ya bushe, ajalinsa kuma da watanni ake lissafa shi, da ƙyar ya haura shekara.

To, bari mu fara da hujjojin masu fifita daushe, tun da su ne suka fi yawa a cikin dattawa.

Hujjarsu ta farko ta ɗanɗano ce. Suka ce sabon goro yaro ne mai rawar kai: ruwa ya yi masa yawa, baurinsa ya rinjayi zaƙinsa, yana cika baki da yawu, wani ma yana tayar da zuciya in an ci shi ba a karya ba. Amma in ya zauna a cikin ganye ya sha gumi ya huce, ruwan ya ragu, baurin ya kwanta, sai garɗin da ke ɓoye ya fito, ƙwaya ɗaya ta ishi mutum daga hantsi har Azahar yana gutsira kaɗan-kaɗan, alhali sabo sai ya ci biyu bai ji ya ci ba. Suka ce direban babbar mota da zai kwana a hanyar Tamale, da mai gadin da zai raya dare a ƙofar kanti, da almajirin da ke bitar karatunsa bayan Lisha, ka tambaye su wanne suke nema in suna da hali, za su gaya maka.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zurfi, ita ce cewa ajiya jarrabawa ce wadda ba kowane goro ke cin ta ba. Wanda aka tsinko bai nuna ba zai yanƙwane. Wanda aka ji wa rauni da wuƙa wajen fasa kwafsa zai yi baƙi. Wanda ƙwaro ya riga ya shiga zai zama gari. Wanda sankara ta taɓa za a fitar da shi tun zagayen farko. Saboda haka duk ƙwayar da ta kai wata shida ko bakwai tana nan da nauyinta da ƙyallinta, ta zo da shaidar asalinta tare da ita, ba ta bukatar wani ya yi mata tazkiya. Sabon goro kuwa, in ji su, majahulin hali ne: mai kyau da mugu duk fuska ɗaya gare su a makon farko.

Hujja ta uku ita ce aikin da ke ciki, wanda mai saye ba ya gani. Bayan an ɗebo kwafsa daga bishiya da gora mai ƙugiya, a fasa, a jiƙa ƙwayoyin ko a tara su a rufe har farar rigar da ke jikinsu ta ruɓe a saɓule ta, a wanke, a zuba su a kwandon da ba shimfiɗa su yi kwanaki suna gumi har su tsane, sa'an nan ne ake shimfiɗa ganyen fita ko makamancinsa na kurmi, a jera goro, a lulluɓe, a ɗaure huhu. Daga ranar kuma mai shi ya rabu da hutu. Da farko kusan kowane mako, daga baya a riƙa tsawaitawa, sai ya kwance huhun a ɗaki mai sanyi inda rana ba ta shiga, ya zazzage shi bisa tabarma, shi da yaransa su bi shi ƙwaya-ƙwaya, a ware mai tabo, a karye tsiron wanda ya fara tsira, a zubar da ganyen da ya bushe ko ya yi fumfuna a sa sabo, in hunturu ne a ƙara kauri, in damina ce a rage. Za ka ji yaro ya ɗaga wata goriya ya ce, "Maigida, wannan ai da sauranta, tabon kaɗan ne," maigidan kuwa ko ɗaga kai ba zai yi ba, sai ya ce, "Fitar da ita, yaro, wake ɗaya ke ɓata gari." Masu daushe suka ce wanda ya san wannan wahala ba zai yi ƙorafin tsada ba, gama kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Hujjarsu ta huɗu ta bukata ce. Babbar kakar goro daga wajen Oktoba take zuwa ƙarshen shekara, sai wata ƙarama a cikin damina, alhali watanninmu na Musulunci zagayawa suke yi ba ruwansu da kaka: Mauludi da aurarrakin Sha'aban da Sallah ƙarama da babba sukan faɗo a lokacin da bishiya ba ta da ko ƙwaya, haihuwa da mutuwa kuwa ba su da wata. Ba don masu ajiya ba, da an ɗaura aure a Nima ba goro.

Wannan ke nan. Masu fifita sabon goro kuwa, ba su zo hannu rabbana ba.

Hujjarsu ta farko raddi ce ga tarihi. Suka ce son daushe ba hukuncin harshe ba ne, gadon larura ne: kakanninmu sun ci tsohon goro ne don ba su da wani, harshensu ya saba, suka haifi 'ya'ya suka koya musu cewa wannan shi ne daɗi, har aka manta da cewa nisan hanya ne ya jawo. Ƙa'ida kuwa sananniya ce a wurin malamai cewa abin da larura ta kawo, in ta gushe ya gushe. Wanda ya sami ruwa ba ya ci gaba da taimama. Manomin da ke zaune a gindin bishiyar, wanda ya fi kowa sanin ta, sabo yake ci, ba kuwa wanda zai ce bai san goro ba.

Hujja ta biyu ta dukiya ce. Suka ce kowane zagaye na tsinta ana zubar da wani kaso, kowane wata kuma nauyi na raguwa, duk wannan hasara a wuyan mai saye ake rataya ta, har ƙwaryar goro, wato ƙwaya ɗari, ta kai farashin da talaka mai suna a gidansa zai ci bashi kafin ya haɗa ta. Suka ƙara da cewa wanda ya sayi goro da araha a kaka ya kulle a ɗaki yana jiran ranar da kasuwa za ta ƙone, me ya raba shi da mai ihtikari, wanda shari'a ta zarga?

Hujja ta uku ta ido ce. Goron biki ba don ci kaɗai ake raba shi ba, don girmamawa ne, girmamawa kuwa da gani take farawa. Farar goriya sabuwa, mai santsi da sheƙi, in aka ɗora ta bisa faranti aka kai gaban surukai, ta riga ta yi rabin maganar da aka zo yi. Ba banza ba, in an ce wa mutum albishirinka ya ce goro, aka tambaye shi fari ko ja, sai ya ce fari. Farin goro kuwa shi ya fi saurin nuna tsufa, ɗan tabo kaɗan ya bayyana a jikinsa, haskensa ya dushe.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, ita ce kuma wadda masu daushe ba su son a taɓo. Ƙwaron goro, wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, tun a gona yake saka ƙwansa, musamman a kwafsar da ta faɗi ƙasa ta tsage, sai ya ƙyanƙyashe a cikin huhu ya bi sauran. Maganinsa na asali shi ne ido da haƙuri, wato tsintar nan da muka siffanta. Amma tun da maganin feshi ya shigo ƙasar nan domin koko, wasu masu ajiya suka gano gajeriyar hanya: su jiƙa goro a ruwan magani, ko su jefa ƙwayar hayaƙin da ake sa wa rumbun hatsi a cikin buhu, su ɗaure da leda su tafi harkarsu. Gammalin 20, wanda aka daɗe ana fesa wa koko, sinadarin da ke cikinsa tun 2009 aka shigar da shi jerin gubobin da ƙasashen duniya suka yi alkawari a yarjejeniyar Stockholm za su daina amfani da su, saboda yakan taru a jikin mutum ya daɗe bai fita ba. Goro kuwa ba a dafa shi, ba a fere shi, daga ganye sai baki. Saboda haka, in ji masu sabo, daushen da ka gani sumul ba huji ko ɗaya, wanda dā shaidar asali ce, yau yana iya zama shaidar guba, mai saye kuma ba shi da hanyar rarrabewa.

Yanzu sai tarjihi, mu ɗauki hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Zancen cewa son daushe gadon larura ne, gaskiya ne ta fuskar tarihi, amma ƙiyasin da aka gina a kansa bai tsaya ba, domin kasancewar larura ce ta haifi abu ba ta kore falalarsa. Larurar adana nama ce ta haifi kilishi, yau kuwa ga firji a gidaje, ba mu ji wanda ya ce a daina kilishi tun da an sami ɗanye ba. Taimama madadi ce wadda ba a nufin ta don kanta, daushe kuwa yana da siffar da sabo ba shi da ita, ana kuma neman sa saboda ita. Manomi yana cin sabo ne don shi ke gabansa, kamar yadda Bakano ya ci tsoho don shi ke gabansa. In sabawa ta zama hujja a kan ɗaya, ta zama a kan ɗayan. A nan masu daushe suka rinjaya.

Zancen ihtikari shi ma bai kama su ba. A mazhabar Imamu Malik illar hani ita ce cutar da jama'a, wato mutum ya kwashe abin da ke kasuwa lokacin da mutane ke bukatarsa don ya ƙuntata musu. Wanda ya saya a kaka, lokacin da goro ya yi yawa har yana neman ruɓewa a hannun manomi, ya ɗauki kasadar ƙwaro da hunturu da faɗuwar farashi, ya fito da shi lokacin da babu, wannan bai cuci kowa ba, hasali ma ya amfani manomi da mai biki gaba ɗaya, ribarsa kuma ladan aikinsa ce. Sai dai in 'yan kasuwa suka haɗa baki suka riƙe kaya a jajibirin Sallah alhali ɗakunansu cike suke, to wannan hukuncinsa daban ne, laifin kuma na haɗin bakin ne, ba na ajiya ba.

Zancen ido kuwa, masu sabo ke da gaskiya, masu daushe ma in sun yi insafi za su sallama, gama su kansu ranar auren 'ya'yansu farar goriya suke nema. Abin da wannan ke nunawa shi ne tambayar tun farko ta haɗa abu biyu a igiya ɗaya: akwai goron ci, akwai goron girma, kowanne da ma'auninsa.

Amma hujjar magani ba ta da raddi, duk wanda ya yi ƙoƙarin kauce mata kuwa ya zalunci kansa. Ita ce ma ta tona asirin mas'alar baki ɗaya, wato cewa darajar daushe ba daga yawan kwanaki take zuwa ba, daga abu biyu take zuwa, kyawun asali da amanar hannun da ya riƙe shi. Ajiya ba ta mayar da mugun goro nagari, bayyana shi kawai take yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hannun kuwa shi ne ya yi ƙaranci. Tun da aka dasa irin goron Gwanja a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu, kasuwar Nijeriya ta rage dogaro da namu. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta raba Zango da ɗimbin 'yan kasuwa, cikinsu har da na goro. Samarin yau kuma kaɗan ne ke da juriyar zama bisa tabarma suna juya ƙwaya dubu. Inda ido da haƙuri suka janye, nan kwalbar magani ta sami wurin zama.

Akwai wata mas'ala da ke rataye da wannan, ita ce ta gauraye. Haɗa ja da fari a ƙwarya ɗaya domin rabon suna ko sadaka al'ada ce mai kyau, ba wanda aka ruɗa, kowa yana ganin abin da ya ɗauka. Haka nan wanda ya haɗa marsa da minu ya faɗa, ya yi farashi gwargwado, ba laifi a kansa. Abin da ba ya halatta shi ne a jera goriya a bakin huhu a cusa mai sankara a gindi, ko a yayyafa wa wanda ya yi yaushi ruwa a daren kasuwa don ya kumbura ya yi nauyi, ko a cakuɗa ragowar bara da ta gaza da sabon bana a sayar da sunan ɗayansu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a Zango ya sani, ta hana ɓoye aibi da gauraya mai kyau da maras kyau a ciniki. Ƙissar tsibin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa a ciki ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma yi inkarin hakan, sananniya ce. Mai saye in ya taras da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa, ko da an riga an watse daga kasuwar Larabar Nima. Goron da aka jiƙa a guba aka yi shiru kuwa, aibinsa ya fi na sankara muni, domin sankara kuɗi take ci, wannan kuwa lafiya.

Hukuncin da muka tsaya a kansa shi ne wannan. Ta fuskar ɗanɗano, daushen da asalinsa ke da kyau, aka kuma riƙe shi da ganye da ido, ya fi sabon goro, tsadarsa kuma halal ce ga mai sayarwa. Ta fuskar girmamawa a biki, farar goriya sabuwa ta fi. Amma inda ba a san hannun da ya yi ajiyar ba, sabon goro ya fi aminci, kare lafiya kuma yana gaba da neman daɗi. Mai hawan jini da mai gyambon ciki kuwa, likitoci na umurtarsu da rage kowanne daga biyun, tun da sinadarin da ke hana barci yana cikinsu duka.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu 'yan goro, maza da mata, su koma ga tsinta, su koya wa na bayansu, su kuma faɗi gaskiyar abin da ke cikin huhu ko da za ta rage musu riba. Muna kira ga sarakunan Zango da limamai su sa wannan magana a majalisa da huɗuba kamar yadda suke sa zancen mudu da sikeli, su kuma nemi Cibiyar Binciken Koko da ke Tafo, wadda goro na cikin itatuwan da take nazari, ta turo ma'aikatanta su nuna wa masu ajiya abin da ya halatta a sa da abin da bai halatta ba. Kai kuma mai saye, kada ka tsaya ga tambayar wata nawa goron nan ya yi. Tambayi wa ya ajiye shi, da me kuma ya ajiye shi, in ka ji ɗan wari baƙo a jikinsa ka mayar, in ka kai gida ka wanke kafin ka ɓare. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi.